Ikonsu Ya Ƙare a Kan Iyaka

Talata da dare, watan Sha'aban, Yelwa

Yau ma jami'an tsaro ba su saki Bala ba. Ƙanena mai jirgin fito, wanda 'yan ta'adda suka ɗora wa bindiga ya tsallakar da su kogin Kwara, shi ne a kulle. Su kuwa tuni suka bar ƙasar.

Na je ofishinsu na ce wa wani jami'i, "Ranka ya daɗe, ku bi su mana."

Ya ce, "Hajiya, ikonmu ya ƙare a kan iyaka. Sai manya sun zauna."

Da magariba na ji a rediyo manyan sun zauna, kowa da tafintansa, sun amince za su ƙara haɗa kai. Bala ya gaya mini cewa a cikin jirginsa ya ji Fillanci da Zabarmanci da Faransanci, babu wanda ya nemi tafinta. Ɓarayi sun fi gwamnatoci zumunci.

Inna ta ƙi taɓa tuwo. Ta ce, "Da ya ƙi ɗaukarsu fa?"

Na ce da yanzu zaman makoki muke yi.

Ta ce, "To mi suka so shi yi?"

Gobe zan kai ta ofishin, ta tambaye su da bakinta.