Injin Kwale-kwalen da Muka Ɓoye a Rumbu Ya Ƙi Tashi

Assalamu alaikum, Gwaggo Adawiyya. Don Allah ki taimake ni da shawara, raina a ɓace yake, na rasa wanda zan faɗa wa. Da girmana na koyi rubutu a ajin yaƙi da jahilci, in na yi ta zagaye ki yi haƙuri.

Marigayi maigidana fito yake yi da damina a kogin bayan ƙauyenmu ta wajen Kuyello. Yana tsallakar da manoma da buhuna har da babura, da injin da ya sayo ya ɗaura wa kwale-kwalensa. Da 'yan bindiga suka matsa mana, ya kwance injin ya tura shi cikin rumbu, ya rufe da dammunan dawa, muka gudo cikin garin Birnin Gwari. Nan Allah ya karɓi abinsa. Bana da aka sami ɗan sauƙi, ɗana na fari, wanda ba zan kama sunansa ba, ya je ya tono injin. Gwaggo, yaron nan ya ja igiya har tafin hannunsa ya saɓule, ko tari injin bai yi ba.

Abin da ke ƙona min rai shi ne ƙanin maigidana, Abarshi. Muna gudun hijira bai taɓa leƙo mu da ko kwanon masara ba, amma yana jin an fito da inji sai ga shi da sassafe, wai shi ne uba yanzu. Ya kawo wani mai gyaran babur, suka ɗaure injin a jikin darbejiya, suka ɗura masa fetur zalla suna ta ja kamar masu jan guga. Da ya ƙi, sai Abarshi ya ce an yi wa injin baki, a sayar wa 'yan gwangwan a huta. Abin da ɗan'uwansa ya ci da mu da shi shekara da shekaru, shi ne za a ɗora a sikeli kamar tsohuwar tukunya! Na faɗa masa maganar da ban taɓa faɗa wa namiji ba, kuma har yanzu ban huce ba.

Shi kuma yaron ya ce in ruwa ya sauka injin bai tashi ba, zai bi abokansa haƙar zinariya cikin daji. Kowa ya san dajin nan. Wasu rami ya rufta da su, wasu ba a ma san inda suke ba. Da shi ma fushi nake, don ya san ba na barci amma yana faɗa yana dariya. Ga hadari ya fara haɗuwa. Injin nan ya mutu ne, ko akwai abin yi?

Daga uwa mai damuwa, Birnin Gwari

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya jiƙan maigidanki. Na kai damuwarki wurin Malam Timothy, wanda ya daɗe yana gyara wa masunta irin wannan inji, ya ce tunda igiya tana jawuwa, cikinsa bai kafe ba. Ba baki aka yi masa ba, zama ne ya yi masa yawa.

Ku ma gode wa Allah da bai tashi a jikin darbejiya ba. Irin wannan inji da ruwan kogi yake sanyaya kansa, kuma mafi yawansu sai an gauraya musu fetur da baƙin mai na musamman. Da ya tashi a tudu da fetur zalla, da ya ƙone, da maganar Abarshi ta tabbata. Kada a sake ja sai gindinsa na cikin ganga cike da ruwa.

Yaron ya zubar da duk man da ke tanki ya wanke shi, ya haɗa sabo. Tsohon fetur yakan zama danƙo ya toshe kafireta, wato inda fetur ke haɗuwa da iska, sai an kwance an wanke ta. A sa sabon fulogi. Ya bi tiyon mai da wayoyi da hannu, don rumbu gidan ɓera ne. Ya duba 'yar jar igiyar nan da ke maƙale da maɓallin kashewa, in ba ta wurin injin ba zai tashi ba ko an kwana ana ja. Ya kuma tsokane ramin da ruwa ke fitowa, zanzaro na son gini a ciki. In duk an yi ya ƙi, a kai wa mai gyaran injin ruwa, kada a mayar wa mai gyaran babur.

Fushinki da Abarshi yana da dalili, amma ban ji labarin daga bakinsa ba. Wataƙila jahiltar injin ya yi, ya ga gara marayu su sami wani abu da su rasa duka. Injin gado ne, ba shi da ikon sayarwa shi kaɗai. Ki sa wani dattijo ya faɗa masa haka, ke ki rage zafin baki, gobe kina iya buƙatarsa.

Shi kuwa yaron, ba da faɗa zai zauna ba. Namiji ne da yake ganin uwarsa cikin rashi, dariyar ma kunya ce. Ki zaunar da shi, ki ba shi wannan aiki a hannunsa, ki ce masa kogin na jiran mai fito. Ko injin ya yi jinkiri, da gora da filafili ma ana tsallakar da mutane, in dai ya tabbatar hanyar ƙauyen ta yi lafiya. Allah ya tashi injin, ya tsare miki ɗanki a inda idonki ke ganinsa.