Wanne Ne Kaskon Nhai

Hanoi, 16 ga watan ƙarshe

Yaya Lua,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fata kina lafiya, ke da maigidanki da yara, kuma ciwon bayan nan ya sake ki. Ku can kudu kuna shan rana abinku, mu nan yayyafi ya kwana tara bai ɗauke ba, wanki ya ƙi bushewa, ga sanyi har cikin ƙashi. Cikina ya shiga wata na biyar.

Kada ki ce me ya hana ni buga waya. Waya ɗaya ce a benenmu, a ɗakin Gwaggo Sau, ita kuwa tsintar shinkafa ba ta tashinta sai wani ya ɗaga kan wayar.

Yaya, na yi ɓarna. Maigidana Kham ya raka mahaifiyarsa, Inna, ƙauye gyaran kaburbura, sai ashirin da biyu ga wata za su dawo. Ga Tet, bikin sabuwar shekara, saura mako biyu, kowa a benen nan ya tashi da aiki. Na samanmu yana walda a baranda tun asuba, na ƙasanmu yana fasa bango kamar an aiko shi ya rushe mu. Ni ma na dubi bangon falonmu da danshi ya baƙanta, na ce bari in shafa farar ƙasa, Inna ta dawo ta ga matar ɗanta ba zaman banza take ba.

A gidanmu kaskon turare ɗaya Baba yake da shi a teburin kakanni. Su nan uku ne. Babba a tsakiya na Mai Ƙasa, abin bautar da ke tsaron gida, na dama na kakanni har da mahaifin Kham, na hagu kuma na Nhai, ƙanwar Kham da zazzaɓi ya ɗauke tana da shekara shida. Shekarata uku a gidan nan, Inna ba ta taɓa bari na kai hannu wurin ba. Ko ƙura ita take gogewa, ta danne kasko da hannu ɗaya kada ya motsa. Na san sarai ba a gusar da kasko. To farar ƙasa ta fara ɗiga cikin toka, na rikice, na sauke su duka ukun na jera a tabarma. Da na gama na juyo, na dama da na hagu iri ɗaya ne sak, fari da zanen shuɗi. Na yi na yi in tuna wanda na fara saukewa, abin ya gagara. Na mayar da su bisa dace.

Kin san abin da ake faɗa game da waɗanda suka rasu da ƙuruciya, su ke tsaron 'ya'yan gida, su ne kuma ba su da haƙuri. Inna kullum cewa take Nhai ce ta roƙa mana wannan cikin. In na ɗauke yarinyar daga wurinta fa? Tsoro nake ji, Yaya, irin wanda ban taɓa ji ba.

Ki gaida yara. Taki ƙanwa,
Mien

Hanoi, 19 ga watan ƙarshe

Yaya Lua,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarku duka, na san wasiƙata ta farko ba ta iso gare ki ba tukuna, amma ba ni da wanda zan gaya wa.

Ashe Gwaggo Sau ta gani. Ranar da na yi aikin ta hau aron tsani, ƙofa a buɗe, ni ina bayi ina dama farar ƙasa, ta leƙa ta koma ba sallama. Jiya a layin famfo, don ruwa ya daina hawowa hawa na huɗu kamar yadda ya saba duk ƙarshen shekara, ta dube ni daga sama har ƙasa ta ce, "'Yar nan, ashe mutanen gidanku sun sauko shan iska a tabarma? Ko shayi kin ba su?" Mata suka yi dariya, ni ma na yi yaƙe.

Da na hau na kunna turaren tsinke in ba da haƙuri, sai guntayen tsinken da suka taru a kaskon hagu suka kama da wuta, fuu, har ta lashi sabon bangon. Na kashe da ruwan shayi. Na san tsinke busasshe ne, na san iska na shigowa ta tagar da Kham ya yi shekara yana cewa zai gyara. Duk na sani. Amma kasko ba ya kamawa haka kawai, ke ma kin san haka.

Da yamma marata ta fara ciwo. Na ratsa cunkoson babura na je asibitin unguwa, kowane babur da bishiyar lemonsa ta kwalliyar Tet a baya, reshe ɗaya ya kusa tsone mini ido. Ungozoma ta duba ta ce lafiya lau, hawa tsani ne da ɗaukar ruwa, ta kuma wanke ni tas. Na so in yarda da ita.

Akwai hanyar ganewa. A gindin kowane kasko, ƙarƙashin toka, an binne jar takarda mai sunan mai shi. Yau da safe na ɗauko tsinken cin abinci na tsaya a gaban teburin, na kai shi bakin toka sau uku ina janyewa. Gusarwa ma ga inda ta kai ni, ina ga tonawa? Na mayar da tsinken kicin.

Inna kaɗai ta san kayanta. Dole in faɗa mata kafin Gwaggo Sau ta tare ta a matakala. Matar da ta yi kwana biyu ba ta yi mini magana ba don na juya kifi a faranti, abin da suka camfa, ki ƙiyasta wannan.

Ki kunna mini turare a naku teburin. Taki,
Mien

Hanoi, 23 ga watan ƙarshe

Yaya Lua,

Ina gaishe ki da kewa mai yawa, ina fata wannan ta same ku cikin ƙoshin lafiya. Ciwon marar ya lafa.

Sun dawo jiya da rana, da kaza biyu da ganyen naɗe wainar Tet. Na tare su tun ƙofar bene don in riga Gwaggo Sau. Kham ya yaba bango, ya ajiye kaya ya tafi wajen aikinsa. Inna ta tsaya tana kallon baƙin da wuta ta bari. Na durƙusa na faɗa mata duka, ban rage ko ɗaya ba. Na ce ta yi mini duk abin da ta ga dama, amma ta gyara su, don jikanta.

Sai ta je ta rufe ƙofa ta sa sakata, ta zauna a ƙasa kusa da ni, abin da ba ta taɓa yi ba. Ta ce, "Ba zan iya gyara su ba, Mien. Ni ma ban sani ba."

Wai shekarar da aka ba su wannan ɗakin, wata takwas da rasuwar Nhai, ita ta ɗauko kasaken daga ƙauye a bayan keke, kowanne a jan ƙyalle. Ruwa ya tare ta a hanya, ta fake, ta sauke ta sake ɗaurewa, alamar da ta yi da alli ta goge. Ta jera su bisa dace kamar yadda na yi. Mijinta ya rasu bai sani ba, Kham bai sani ba. Shekara ashirin da ɗaya ke nan. Shi ya sa ba ta bari kowa ya matsa wurin, tana tsoron wani ya lura da abin da ita ta kasa gani. Ta ce in za ta yi wa Nhai magana, tsakanin biyun take kallo. Ta ce duk da haka Kham ya girma, ga shi ciki ya zo, in kwantar da hankalina, Gwaggo Sau kuma in bar ta da ita.

Na ji kamar an sauke mini buhu daga ka. Ina shirin tashi ta riƙo hannuna, hannunta ya fi nawa sanyi. Ta ce tun ranar nan ba ta sake ɗaga su ba, ni ce na ɗaga.

"Da kika ɗauke su, ba ki ji ɗaya ya fi ɗaya sauƙi ba? Ita fa ba ta da jiki, ƙarama ce."

Yaya, da kin ga idonta. Na ce eh, wanda ke hagu yanzu ya ɗan fi sauƙi.

Yau da safe, bayan mun yi al'adar raka Mai Murhu, abin bautar kicin, mun saki kifi a tafki, ta tsaya a gaban na hagun, ta dube shi kai tsaye, ta yi ta ba shi labarin ƙauye da na wanda ya mutu da wanda ya yi aure, har shinkafata ta kama. Ban taɓa jin muryarta haka ba.

Nauyinsu ɗaya ne, Yaya. Ƙarya na yi mata a gaban teburin kakanni, da ciki a jikina. Tsoron bai tafi ba, wuri kawai ya sake. Amma ko yanzu ta sake tambayata, abin da zan faɗa mata ke nan.

Kada ki gaya wa kowa, ko maigidanki. Ina yi muku barka da sabuwar shekara tun yanzu, ki shafa mini kan yara.

Ƙanwarki mai ƙaunarki,
Mien