Ruwan da Ka Ƙi Sha a Jirgi

Zuwa ga mahaifina,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta ɗa ga uba, da fatan makwancinka ya yi sanyi, ina da tambayar da kunya ta hana ni yi kana raye.

Ka tuna lokacin aikin dam ɗin Bakolori, da ma'aikata ke saye naman sa guda a teburinka kafin azahar? Da kasuwa ta buɗe, bayan wasu shekaru ka ce ka gaji da zama saman motar shanu, daga Ikko a jirgin sama za ka dawo. Hawanka na farko ke nan, kuma shi ne wasu samari suka tashi da bindiga suka juya jirgin zuwa wata ƙasa. Mu a Mafara muka kewaye rediyo. Dangi daga Bakura da Maradun suka cika zaure, sun rasa ko jaje za su yi ko ta'aziyya.

Aka sako ku, ka dawo leɓe duk a fashe. Dillalin da kuka tafi tare ne ya tona ka. Wai da zafi ya tsananta, ɗaya daga cikin samarin ya bi kujeru yana raba ruwa. Kowa ya sha, kai ka kau da kai. Aka yi roƙon duniya ka ƙi, har ka suma. Da Inna ta hau ka da faɗa, iyakar abin da ka ce: "Ni ka ba bijimi ruwa kahin in kwantar da shi in yanka. Na san wanga ruwa."

Rumfar mahauta ta samu abin dariya na shekaru. Ko shayi aka miƙo maka sai wani ya ce a ɓoye wuƙa tukuna. Kai ma kana dariya, amma ba ka taɓa ƙara komai ba.

To Baba, yaya fuskar yaron take? Ya yi maka magana a hankali, irin yadda kake yi wa sa mai gardama? Na lura bayan dawowarka kana daɗewa wurin shayar da dabba, kana shafa wuyanta, bakinka na motsi. Me kake gaya mata?

Ga wadda ta fi damuna. A ciwonka na ƙarshe ni na ɗebo maka ruwa a randa. Ka dubi moɗar, ka dube ni, ka daɗe. Sannan ka shanye tas. Har yau ban sani ba, Baba, ƙishi ne, ko ka gane ruwan ka kuma yarda?

Ina kewarka ƙwarai. Allah Ya gafarta maka, Ya shayar da kai daga Alkausara, ruwan da babu wuƙa a bayansa.

Ɗanka mai riƙe maka igiya.