Matata Ta Gwada Awakin Mama, Ni Kuma Na Shiga Uku

Anti, don Allah ki taimake ni, gidana ya zama ba ya shiguwa.

Ni direba ne. Matata tana aiki a ɗakin gwaje-gwaje na asibitin dabbobi. Mahaifiyata tana zaune tare da mu, da awakinta a bayan gida kusa da igiyar shanya. Mama ta san tarin kowace akuya, amma ni in na yi mura sai ta ce in sha ruwan zafi.

Kwanakin baya ta sayo wata sabuwar akuya ta haɗa da sauran. Ba a jima ba suka fara zazzaɓi, ga majina, ga kwantsa, ga zawo, bakinsu duk gyambo. Matata ta sa safar hannu, ta goga tsinke mai auduga a hancinsu da gefen idonsu, ta ɗebi jini, ta jera kwalaben a kular da Mama ke ajiye ruwan sanyi. Wannan ma laifi ne mai zaman kansa. Washegari 'Yar Gata, akuyar da Mama ta fi so, ta mutu. Da sakamako ya fito, aka ce ƙwayar cuta ce mai saurin yaɗuwa tsakanin awaki da tumaki, dole a killace su, ko ɗaya kar ta fita.

Mama ta ce ita audugar nan ce ta kashe mata akuya, kuma ta daina amsa gaisuwar surukarta. Yanzu so take in kwashi sauran in kai gidan ƙanwata su sha iska, alhali ƙanwata tumaki gare ta. Matata ta ce in na kuskura, da kanta za ta kai rahotona. Na ce wa Mama mota ta lalace, na ce wa matata ina lallashin Mama. Gaskiya ba na yin ko ɗaya, a gareji nake wuni. Yaya zan yi?

Naki, Direban da Motarsa Ta Ƙi Tashi

Ƙanena Direba,

Allah ya ba motarka lafiya, duk da na lura ta fi kowa lafiya a gidan.

Matarka tana da gaskiya. Auduga ba ta kisa. Cutar ta riga ta ci jikin 'Yar Gata kafin a taɓa ta. Idan ka kai awakin nan gidan ƙanwarka, ka kai wa tumakinta ciwo ne har ƙofa, kuma ranar Mama za ta fasa fushi da suruka ta dawo kanka.

Amma Mama ma ba rigima take yi don daɗi ba. Rashi ta yi. Wani a cikinku ya zauna ya yi mata jaje kuwa, ko takardar sakamako kawai aka miƙa mata? Tsohuwa ta fi gane ana tausaya mata fiye da sunan ƙwayar cuta.

Ka fito daga gareji. Ka yi mata jaje tukuna, sannan ka faɗa mata da bakinka cewa awaki ba inda za su, don kare dabbobin 'yarta. Ka gayyato likitan dabbobi, zai fi kyau mai furfura, ya maimaita abin da matarka ta faɗa, ya duba marasa lafiyar, ya kuma tsara riga-kafi har da na maƙwabta. Kar ka yi mamaki in Mama ta yaba basirarsa a kan maganar da ta ƙi ji daga suruka. Matarka ta haɗiye wannan, kai kuma ka gode mata a ɗaki.

A bar wa Mama jinyar awakinta, matarka ta nuna mata yadda za ta raba masu ciwo da lafiyayyu. Mutum biyu da suka durƙusa kan akuya ɗaya ba sa daɗewa suna gaba.

Allah ya tashi kafaɗun awakin, ya sanyaya zuciyar Mama, ya ƙara maka ƙarfin hali ko da kaɗan ne.

Antinku