Gurbin Muryar Baba

Zuwa ga Malam Mai Sauti,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, ina roƙon ka gafarce ni da na yi ƙarfin halin rubuto maka alhali ba ka san ni ba. Ni ɗaliba ce a ajin ƙarshe na sakandare. Mai gadin zauren wasanni ne ya ce kai ne ka riƙa zama a bayan na'urar sauti duk lokacin da mawaƙi Mai Jar Jita ya yi wasa, kuma ya yarda zai miƙa maka takardata.

Babana mai aski ne. Tun ina ƙarama ba a sa waƙar kowa a shagonsa sai ta Mai Jar Jita. Idan na ce mawaƙan fim sun fi shi zaƙin murya, sai ya nuna ni da almakashi ya ce, "Auta, waɗannan naki da hanci suke waƙa. Fice mini kafin ki kore mini mutane."

A wasan bankwana da mawaƙin ya yi bara, muna zaune dab da dandamali. Da aka zo waƙar "Bar Mini Fitila", sai ya sauko ya miƙa wa Baba makirufo, Baba ya miƙe ya rera baiti guda cur. Ni kuwa kunya ta sa na rufe fuska da jakata. Yayana ya ɗauka a waya, amma ihu kawai ake ji.

Bayan haka aka yi wa Baba aiki a maƙogwaro. Ya warke, alhamdu lillahi, sai dai muryar ta tafi, kuma likita ya ce ba za ta dawo ba. Yanzu da ɗan allo da alli yake mana magana. Mun duba ko'ina a gida, babu inda muryarsa ta rage mana. Don Allah, ko kana da faifan wannan rana?

Ka huta lafiya.
Autar Mai Aski

*

'Yata Auta,

Wa alaikumus salam. Na karanta takardarki a tsaye, na sake karantawa a zaune. Ai na tuna babanki sarai! Mai farar riga, ya damƙi makirufo kamar zai yi masa aski. Ranar har mai ganga ya juyo ya ce mini, "Wannan dattijon zai raba mu da aiki."

Ki ce masa ina bayansa kan mawaƙan fim, ni ma tawa 'yar ta cika mini gida da su. Faifai kuwa ba na yarwa, sai dai ɗakina ya fi bola hargitsi. Ki ɗan ba ni lokaci in tono shi. Ki sa a ranki an samu.

Ki gaishe shi da jiki.
Mai Sauti

*

'Yata Auta,

Sallama da gaisuwa. Ga faifan a cikin ambulan, amma kafin ki sa, ki zauna.

A aikinmu sauti hanya biyu yake bi, ɗaya zuwa lasifikar zaure, ɗaya zuwa faifai. Dokar maigidanmu Mai Jar Jita ce, da zarar makirufo ya shiga hannun ɗan kallo, in bar shi a zaure amma in cire shi daga faifai. Mun sha wuya ne: wani ya karɓa ya yi tallan shagonsa, wani ya kira sunan budurwarsa, matarsa na zaune a gefe. Tun ina tunawa in cire, har hannuna ya koyi yi shi kaɗai. Ranar ma ya yi, ina can ina tafa wa babanki.

Na saurara har kunnena ya gaji. Jita na nan, ganga na nan, wurin baitinsa wayam. Sai bayan tafi za ki ji maigida yana cewa, "Kai, malam, ina ka ɓoye duk shekarun nan?"

Na yi saurin baki da na ce an samu. Ki yafe mini.

Mai Sauti

*

Zuwa ga Baba Mai Sauti,

Assalamu alaikum. Faifan ya iso, mun gode ƙwarai. Babu abin yafewa, aikinka ka yi.

Na karanta wa Baba takardarka, sannan na sa faifan a shago bayan na taso daga makaranta. Yana cikin yi wa wani direba aski, sai ya tsaya. Da aka zo wurin, kiɗa na tafiya ba murya, sai na ga leɓunansa suna motsi, kalma bayan kalma, daidai da ganga. Wannan karon ban rufe fuska ba.

Direban ya ce, "Maigida, waƙa ta yi, amma dubi kaina, rabi ne fa!" Aka yi dariya. Baba ya ɗauki allo ya rubuta: "Ki ce wa Mai Sauti ya kyauta. Na yi tuntuɓe a tsakiyar baitin, yanzu babu shaida."

Inna ce dai ba ta haƙura ba. Kullum sai ta kara kunne a lasifika, wai ko yana can ƙarƙashin ganga. Ni ma na gwada. Babu.

Ka ce ka tuna yadda ya riƙe makirufon. Kai ka gan shi a ranar, ni cikin jakata kawai na gani. Akwai abubuwan da nake so in tambaye ka: ko ya rufe ido, ko ya waiwayo ya neme ni. Idan ba zan takura maka ba, ka ba ni izini in sake rubuto maka?

Ka huta lafiya.
'Yarka, Auta