Ɗiyarka Ba Za Ta Bar Lakkwal Ba

Zuwa ga ƙanena Isuhu, duk inda kake cikin daji.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwar da addini ya ɗora mana, ina fatan wannan takarda ta iske ka da rai. A fili na rubuta ta inda kowa zai karanta, don na san kuna da waya a can, wani cikin abokan tafiyarka zai kai maka labari.

Saƙonka ya iso ta bakin direban da ke bin hanyar Sanam. Ka ce in fidda ɗiyarka Zalika daga lakkwal, makarantar boko, in maida ta ƙauye ita da uwarta, wai boko ba na mace ba ne. Ba zan yi ba. Ko da ƙafarka ka zo Filinge da bindiga a kafaɗa, ba zan yi ba.

Ranar da kunka shigo garinmu bisa babura, kun tara mu gindin gawo, babbanku ya jera mana dokoki. Ba mace a gona, ba mace a kasuwa, rijiya ma sai an lulluɓe har yatsun ƙafa. Kunka rufe lakkwal, kunka kori ungozoma. Ba wanda ya tsaya ya tambayi wa zai ciyar da gidan da ba namiji. Gidanmu ke nan, Isuhu, tunda Baba ya rasu kai kuma ka bi su.

Inna ta yi haƙuri har ciyawa ta fara shaƙe gero. Sai ta saɓi hauyarta ta fita da hantsi, ta ce ita ba ɓarauniya ba ce da za ta ɓoye. Gonar nan ita ta noma ta kana goye a bayanta.

Ranar kasuwa kunka durƙusar da ita gaban jama'a. Wanda ta yi jika da shi ne ya zabga mata bulala. Ina wurin, kai ma kana wurin, fuska naɗe cikin rawani. Da munka kai ta gida ina gasa mata baya da ruwan zafi, ba ta yi kuka ba. Abin da ta ce kawai shi ne: "Na ga Isuhu. Har yanzu yana jan ƙafar hagu."

Za ka ce ba kai ka doke ta ba. Na sani. Tsayawa ka yi kana kallo.

Geron ya lalace. Ɗan abin da ya tsira kunka zo kunka kwashe da sunan zakka.

Ka bar matarka Rabi da ciki. Da naƙuda ta zo mata da gardama, mun ɗora ta bisa amalanke za mu likita, mutanenku sunka tare mu bakin gari, wai ba muharrami tare da mu. Muharramin nata yana ina? Yaron ya zo ba rai. Namiji ne. Ni na wanke shi. Da Rabi ta iya miƙewa munka baro garin.

Kada ka kawo mani zancen addini. Tabarma ɗaya munka yi karatun allo, ni na koya maka alwala. Ban taɓa ganin tsohuwa mai salla da azumi kamar Inna ba. Ku da kuke ƙwace hatsin gwauraye, ku ne za ku koya mata tsoron Allah?

Yanzu muna raɓe gidan Kawu. Ina tuyar ƙosai a tasha, Rabi tana wankau. Ba daɗi muke ji ba, amma in mun fita da safe ba mai tambayar mu wa ya ba mu izini. Zalika ta iya rubuta sunanta, ta iya rubuta naka. Dariyarka gare ta, har wushiryar. In ta tambaye ni ina babanta, sai in ce ya yi tafiya mai nisa.

Direban ya ce ka ce a gaida Inna. Isuhu, Inna ta rasu da kaka. Tun ranar kasuwar nan ba ta ƙara lafiya ba. A nan anka rufe ta, nesa da kabarin Baba. Ana gobe za ta cika ta riƙe hannuna ta ce: "In ya dawo, ku ba shi ruwa ya sha kafin ku ce mashi komai."

Ita ta yafe maka. Ni ban kai nan ba, kuma ba zan yi maka ƙarya ba. Amma maganar uwa ce. In ka aje bindiga ka yi sallama ƙofar gidan Kawu, za ka sha ruwa a hannuna.

Allah ya jiƙan Inna, ya sanyaya makwancinta. Allah ya isar wa matan ƙasarmu ta Kurfai a kan duk wanda ya ɗaga masu bulala. Kai kuma, ɗan'uwana, Allah ya fiddo ka daga cikinsu tun kana da sauran numfashin tuba.

Yayarka da ta goya ka,
Hadiza, daga Filinge.