Noti Mai Kusurwa Biyar

Zuwa ga Yayata abar girmamawa,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin wadda ƙani ke durƙusawa ya miƙa, ina fatan takardar nan za ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki da yara. Allah ya ƙara miki sauƙin ciwon gwiwar nan, ya sa sanyin ƙasar da kike bai sake tayar miki da shi ba. Mu nan lafiya lau, sai godiya. Inna ta warware sarai, har ta koma faɗanta na kullum, wanda kin san shi ne alamar lafiyarta. Uwar yara tana nan tana fama da mu, babbar 'yarmu ta shiga aji uku na sakandare, ƙaramin kuma ya fara famfarar haƙora, dariya ma sai ya rufe baki yake yi. Rufin ɗakin Inna da kika yi magana a kai na gyara shi, ya daina yoyo.

To Yaya, na san yanzu Auta ya iso wurinki. Na san kin je filin jirgi kin tarbo shi, kin shimfiɗa masa sabon zanin gado, kina ta nuna wa maƙwabta ƙaninki da aka gayyato babban taron ƙungiyoyi masu zaman kansu a kan samar da ruwan sha. Ba zan yi miki kwana-kwana ba, ke ce kika goye ni, kin san ni ciki da bai. Ƙyashi nake yi. Ranar da muka raka shi tasha na ɗauki jakarsa ina murmushi, amma zuciyata baƙa ƙirin take, har na ji kamar in jefa jakar a kwata.

Bari in tuna miki inda abin ya samo asali, don kin daɗe rabonki da gida. Shekara goma sha biyu da suka wuce famfunan tuƙa-tuƙa na unguwarmu duk sun mutu. A zo a haƙa, a ɗauki hoto, a tafi, in robar ciki ta cinye shi ke nan, sai 'yan mata su koma rafi da jarkoki. Ni da mata shida muka zauna a ƙofar garejina muka kafa 'yar ƙungiyarmu. Na samo tsohon ƙarfen sifirin na mota, na yanka, na goge, na yi wa kowace mace sifana tata. Na koya musu kwance kan famfo, canza roba, shafa girisi da mayarwa. Muka riƙa kiransu iyayen famfo, kowace da nata ɗan da take raino. Yau famfo arba'in da uku ke gare mu, mata arba'in da uku, babu wanda ke kwana biyu a mace. A lokacin Auta yana jami'a, in ya zo hutu ko guga ba ya ɗagawa. Sau ɗaya na taɓa ba shi sifana ya kwance noti, ya yi ta ɗaurewa yana zufa yana cewa ya ƙi fita, har sai da ya cinye haƙoran.

Shekara uku ke nan da wata babbar ƙungiya mai zaman kanta ta zo da fararen motocinta. Tsakani da Allah ba zan ci haƙƙinsu ba, sun yi aiki. Sun kawo mana robobi masu kyau, sun gina ban-ɗaki a makarantu biyu, kuma sun san yadda ake buga ƙofar hukuma ta buɗe, ƙofar da muka shekara tara muna zama a bakinta ana cewa oga ya fita. Sai dai su komai sai an rubuta, ni kuwa hannuna ya fi sabawa da girisi. Ni da kaina na kama hannun Auta na kai musu, na ce ga ƙanina, yana da takarda, ya iya kwamfuta. Kafin ki ce me, ya sami tebur da kujera mai juyawa, ya raɗa wa aikinmu suna mai tsawo, wai tsarin mallakar al'umma mai ɗorewa. Matan da ke yin abin ma ba su iya faɗar sunan ba sai sun huta a tsakiya.

Duk wannan na haɗiye, sai da rahoton bara ya fito a kan takarda mai sheƙi. A shafi na biyu ga Auta cikin kwat, an rubuta jagoran shirin. A shafi na tara ga ni a durƙushe gaban famfo, baƙi har gwiwar hannu, a ƙasan hoton an rubuta, wani mai amfana da shirin. Yaya, wani! Ko suna ban samu ba. Da na yi masa magana sai ya yi dariya, ya ce ai kuskuren babban ofis ne, su a wurinsu duk wanda aka ɗauka ba ya sanye da rigar ƙungiya to mai amfana ne, kuma za a gyara a bugu na gaba. Har yau ana gyarawa. Mai Keke, telar nan da ke riƙe da famfon bakin kasuwa, tun ranar ba ta kirana sai da Malam Mai Amfana, sauran su kwashe da dariya. Inna kuwa ta ajiye rahoton a cikin kabad, duk baƙon da ya zo sai ta buɗe masa shafi na biyu. Ban taɓa ganin ta kai shafi na tara ba.

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauki biro. Masu ba da tallafi za su kawo sababbin famfuna ɗari biyu, a cire tsofaffinmu a sa su, sauran a kai wasu unguwanni, kuma Auta ne zai sa hannu a madadinmu ranar Alhamis, wato ranar rufe taron. Kafin tafiyarsa an kawo samfurin kan famfon ofishinsu, aka kira ni in ɗora shi a kan tebur don a yi hoto, tunda ɗaukar nauyi dai an san inda nake. Ina ɗorawa na shafa notin da yatsa, sai na ji wani iri. Na ƙirga, kusurwa biyar. Na sake ƙirgawa, biyar dai. Duk sifanar da na ƙera, da duk wadda ake sayarwa a kasuwarmu, kusurwa shida take kamawa. Na tambayi wakilin kamfanin da ke ƙera famfunan, ya ce da gangan aka yi don maganin ɓarayi, makullin yana hannun ma'aikatansu a babban birni, in an kira su za su zo. Ni na san irin wannan zuwan, na shekara ina jiran irinsa. Da na ce zan ƙera wata sifanar, ya ce duk famfon da wani ya buɗe ba su ba, sun cire hannu daga kansa. Ma'ana dai, ranar da aka kafa su, iyayen famfo sun zama 'yan kallo.

Wallahi na buɗe baki zan yi magana. Daidai nan Auta, yana gyara wuyan rigarsa gaban mai hoto, ya ce in ɗan matsa gefe kada inuwata ta shiga. Sai na matsa, na kuma rufe bakina. Kwana tara na yi da maganar a ciki. Ina kwance a ƙarƙashin motar mutane ina hango ranar da famfo ɗari biyu za su tsaya cak, a zo ana neman jagoran shirin ruwa a jallo, shi kuma ya zo garejina yana sosa ƙeya. Har na tsara abin da zan faɗa masa. Kunya ta ishe ni ina rubuta miki wannan, amma na ji daɗin tunanin, ba kaɗan ba.

Jiya da safe aka aiko cewa famfon bakin kasuwa ya daina ja. Kafin in isa, Mai Keke ta riga ta kwance shi, ta canza roba, ta ɗaure, ruwa na zuba, layin jarkoki na tafiya. Ta goge sifanarta da ƙyalle, ta mayar ƙarƙashin kekenta inda take ajiye ta shekara goma sha biyu. Sannan ta tambaye ni, cikin tsokanarta, ko sababbin da Auta zai kawo sun fi sauƙin kwancewa, don hannunta ya fara tsufa. Yaya, na kasa kallon idonta. Na ce mata ina da aiki, na juya.

Shi ya sa za ki ji ƙunshin nan da nauyi. Malamar ofishin su Auta da za ta biyo shi gobe ita na ba, a ciki akwai sifanata ta farko, wadda na fara yankewa daga sifirin. Ban kira shi a waya ba, don na san muryata za ta tona ni, shi kuma zai ce in bari ya dawo. An ce samfurin yana nan a zauren taron. Don Allah kafin Alhamis ki damƙa masa ita hannu da hannu, ki ce ya je ya gwada ta a kan notin gaban masu tallafin, kada ya sa hannu sai an canza zuwa mai shida kuma an yarda matanmu su buɗe abinsu. Ki tuna masa cewa hagu ake juyawa in za a kwance, kada ya ba mu kunya a ƙasar mutane. Na san yadda za ta ƙare. Zai tashi ya yi bayani mai daɗi, a tafa masa, a ce ya yi hangen nesa, baɗi a ƙara masa girman hoto. Tun yanzu abin yana ci mini rai, ba zan ɓoye miki ba. To ya ci, in dai ruwa zai ci gaba da zuba a bakin kasuwa.

Ki gaishe mini da maigidanki da kyau, da 'yan biyu, da takwarar Inna. Inna tana gaishe ki, ta ce a tabbata Auta yana sa rigar sanyi. Uwar yara da yara duk suna miƙa gaisuwa, haka Kawu da Goggo. Shi ma Autan ki gaishe shi, ki ce ya dawo mini da sifanata, aro ce. In ya tambayi wanda ya aiko, ki ce ya duba shafi na tara.

Wassalam, naki har kullum,
ƙaninki Makanike,
wani mai amfana da shirin.